Ƙoƙon da Ba a Kife Ba

Ranar Lahadi a Doha ranar aiki ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa ɗan Filato rai. Mu da muka tashi Lahadi ana wanka da sabulu mai ƙamshi, a tafi coci, a dawo a ci shinkafa, sai ga Lahadi ta zama Litinin, coci ya koma Jumma'a. Aikina gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, wato esi, saboda haka yawancin Lahadina a kan rufin bene na yi su, rana tana gasa mini ƙeya, ina sanyaya wa mutane ɗakunan da ba zan taɓa kwana a ciki ba. A shekarun ne ake haƙa wa garin hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, ko'ina an kakkange titi, daga sama ba abin da kake gani sai ramuka da motocin siminti.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma, ina can sama, sai wayata ta motsa a aljihu. Tun kafin in duba na san ko wane ne.

Abokina ne, nas. Ƙauyensu da namu rafi ɗaya ya raba su. Sakandare ɗaya muka yi, jirgi ɗaya ya kawo mu Doha, shekara huɗu muna ɗaki ɗaya a unguwar Bin Omran, gadonsa a ƙasa, nawa a sama. Sai ya kama rubuta jarrabawar Turanci. Ya faɗi sau biyu ina yi masa dariya, a ta uku ya ci. Ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi a wani ƙauye a Ingila. Ni na raka shi filin jirgi, na ɗaukar masa akwati, na rungume shi na ce Allah ya ba da sa'a. Har ga Allah da rabin zuciyata na faɗa, ɗaya rabin kuwa tun a cikin tasi ya fara ciwo.

Da hoton mota yake turo mini, ko na dusar ƙanƙara, da ban damu ba. Mota ai a Doha muka ga ƙarshenta. Abin da ya zaɓa ya riƙa turo mini shi ne gidan giyar ƙauyen.

"Mutumina," in ji shi a saƙon murya na farko, ana jin hayaniyar mutane da ƙarar kofuna a bayansa, "wallahi sai ka ga wurin nan. Gidan giya ne fa, amma kamar falon gidan mutum. Ginin ya girmi kakan kakanmu. In za ka shiga sai ka sunkuya, in ba haka ba katakon rufi ya gaishe ka a goshi. Ga wuta a jikin bango, ga kare kwance kusa da ita, ba mai korarsa. Ba kiɗa, ba talabijin, hira kawai. Giyar kuma ba irin ta kwalba ba ce. Bari in sha tukuna in gaya maka."

Daga nan ya zama malamin giya, ni kuma ɗalibin da bai nemi karatu ba. Giyar, in ji shi, tana cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da ranta, tana ci gaba da nuna har ranar da za a sha ta. Ba a ɗura mata iskar nan da ke sa giyar kwalba tsalle. Da famfon hannu ake jawo ta, mai gidan ya ja sandar a hankali, ya saki, ya sake ja. Ba ta da sanyin firji, sai sanyin randa. In aka buɗe ganga, kwana uku ko huɗu ta yi tsami, sai zubarwa. Kowace safiya mai gidan ne ke fara kai ta bakinsa kafin ya sayar wa kowa. Baƙon da bai san wadda zai zaɓa ba kuma, a ɗiga masa kaɗan a ƙaramin kofi ya ɗanɗana kyauta.

Sannan ga abincin. Lahadi ce babbar ranarsu, kuma lokacin cin abincinsu na rana shi ne ƙarfe huɗun nawa. Sai hoto ya faɗo: naman sa gasasshe an yanka shi falle-falle, dankalin Turawa da aka gasa a cikin mai har ya yi ɓawo, romo mai kauri yana kwarara, da wani abu kamar fanke da ya kumbura ya yi rami a tsakiya. Wata ranar kuma nama da ƙoda ne a cikin ɓawon fulawa, wai da giyar kanta aka dafa naman. Ni kuwa ina zaune a inuwar tankin ruwa da burodin Larabawa da gwangwanin kifi, ina jan hoton da yatsu biyu don in ga romon da kyau. Ban san abin da nake nema a ciki ba. Wataƙila ƙuda.

Na aika masa amsa. Na ce, "Kai, wannan ai burkutu ne ya sa kwat. Giya mai rai, ba sanyi, kwana uku ta lalace, ga ɗanɗano kyauta. Ka tsallake teku don ka je ka sha abin da uwata ke dafawa a bayan gida?"

Ya yi dariya. "Shi ya sa nake turo maka, mutumina. Duk cikin mutanena kai kaɗai za ka gane."

Wannan ta fi ci mini rai, domin da zuciya ɗaya ya faɗa. Da gori yake yi mini, da na san yadda zan rama.

Gaskiya ne, ni ɗan mai burkutu ne. Da shi Mama ta yi mana makaranta. Sati guda take yi a kan tukunya ɗaya: ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta rufe da ganye har ta tsira, ta shanya, a niƙa, ta dafa, ta tace, ta sake dafawa, ta zuba ɗan tsohon burkutu a ciki ya tashe shi. Asubar Asabar, ranar kasuwarmu, za ka ji randunan suna magana su kaɗai, kumfa tana tashi tana fashewa. Rumfar tana bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, benci uku da kututture biyu. A gefe ƙanwar Mama tana da tukunyar farfesun kan akuya da kaskon naman alade, ga gwate mai yakuwa da gauta ga wanda ya zo da yunwa, ga dafaffiyar gyaɗa a faranti ba mai ƙirgawa. A nan ake sasanta rikicin iyakar gona. A nan tsohon soja ke ba da labarin da ya bayar makon jiya, a saurare shi kamar ba a taɓa ji ba. A nan mai molo ke zagin maƙwabcinsa a cikin waƙa, maƙwabcin ya saya masa ƙwarya ɗaya.

Baƙo da ƙwaryar gida yake sha. Amma wanda ya zama ɗan rumfa yana da ƙoƙonsa, an huda bakin an sa igiya, yana rataye a ƙusa a jikin ginshiƙi. Ba a saye, ba a roƙo. Wata Asabar kawai za ka zo ka tarar Mama ta buga sabuwar ƙusa. In kuma ɗan rumfa ya mutu, sai ta sauke ƙoƙonsa ta wanke, ta kife shi a kan azarar rufi, ba mai ƙara sha da shi. A rumfarmu, ƙoƙon da ba a sha da shi na mamaci ne. Ina yaro nakan ƙirga su in na ɗaga kai.

Ɗiban farko na ranar kasuwa kuwa, kafin a zuba wa kowa, na mutum ɗaya ne, wanda Mama ta yarda da harshensa. Da Baba ne. Yakan kurɓa, ya riƙe a baki, ya dubi ƙasa, duk rumfa ta yi tsit. In ya ce, "Ya kai," sai a fara sayarwa. In ya ce, "Saura," ko fasto ne ya aiko sai ya jira. Da Baba ya rasu aka kife nasa, ina da shekara ashirin da biyu, Mama ta buga ƙusa a daidai wurin tasa, ta rataye sabon ƙoƙo mai zane uku da ta yi da wuƙa mai zafi. Asabar ɗin ta miƙo mini ɗiban farko a gaban dattawan da suka haife ni. Na karɓa na kurɓa. Ban taɓa samun girman da ya kai wannan ba, har takardar shaidar da na karɓo a kwalejin fasaha.

To, ka ga abin da nake ɗauke da shi a kai, ina zaune a garin da in kana son kwalba ɗaya sai kafil, wato ubangidan da ya kawo ka, ya rubuta maka takarda, kuma irinmu masu kwana huɗu a ɗaki ba a rubuta mana. Otal kuma ba wurin zuwan mai gyaran esi ba ne, sai dai ta ƙofar baya da akwatin aiki. Mashayarmu ita ce wani ɗan shagon shayi a Fereej Abdel Aziz, inda ake miƙo maka karak, shayi mai madara, a kofin takarda, ka sha a tsaye, ka jefa kofin a bola. Shekara nawa ina zuwa wurin, mai shagon bai taɓa sanin daga wace ƙasa nake ba.

Wanda ya gaji gadon ƙasa bayan abokina wani direba ne ɗan Katsina, Musulmi, mai bakin tsiya da zuciya mai kyau. Yana jin saƙonnin nan duka, domin in na dawo ɗaki sai na sake kunna su, ina tsaki.

Wata rana ya ce, "Injiniya, ni fa ka ɗaure mini kai. Kai ba sha kake yi ba, ba gani kake yi ba, amma kullum Lahadi sai ka dawo kamar wanda aka ƙwace wa mata. Hassadar giya kake yi?"

Na ce, "Malam, ba za ka gane ba."

"Na gane mana. Hassada ga mai rabo taki ce. Kana nan kana tsaki, shi yana can yana ƙiba. Yalla, maza kashe wayar nan mu ci abinci."

Hassada ce, ban musa ba. Amma ba giyar nake yi wa ba, ba kuma naman ba, ko da yake naman ma na yi masa kaɗan. Abin da ke ci na shi ne, a cikin saƙonnin nakan ji ana kiran sunansa. Wani tsoho ya shigo ya kira shi, wata mata ta tambaye shi yaya mura. Mutumin da muka fito rafi ɗaya, wanda a rumfar Mama da ƙwaryar baƙi yake sha, wanda bai iya bambanta burkutun jiya da na yau ba, shi ne ya samu wurin da in bai zo ba za a tambaya. Ni da aka haifa a gindin randa ina shan shayi a kofin takarda.

Abin da nake rarrashin kaina da shi ɗaya ne. Duk daɗin da yake ji, baƙo ne a can. Ni ina da ƙusa. Nakan gaya masa haka, ba sau ɗaya ba: "Sha dai, mutumina. Kofin da ka sha da shi, gobe wani ne zai sha. Ni ƙoƙona yana rataye yana jirana."

Akwai abin da ban taɓa gaya masa ba, domin ni kaina ban ɗauke shi a bakin komai ba. A shekarata ta uku na samu hutun wata guda, na je gida. Kusan duk watan a Jos na yi shi, ina tsaye a kan magina da ke ɗora mini ɗaki biyu. Ƙauye sau ɗaya na je, ranar Asabar, jibi in hau jirgi. Na isa da rana tsaka a motar haya, da baƙin tabarau da turare. Na tarar rumfa cike, ba wanda ya sha ko ɗigo. Tun safe Mama ta hana a buɗe randa, wai mai ɗanɗano yana hanya, dattawa suna ta gunaguni. Ta sauko da ƙoƙon, ta ɗauraye, ta ɗebo, ta miƙo mini da hannu biyu.

Na duba ciki. Ga 'yar dusa tana yawo a sama, ga ƙudaje a bakin randa. Shekara uku ban sha ruwan da ba na roba ba. Na tuna awa nawa zan yi a jirgi, na tuna gudawa. Na ce, "Mama, cikina ya daina ɗaukar irin wannan. Jibi zan yi tafiya." Na aika aka ɗauko mini ruwan roba a mota. Mama ta ce, "To." Ta miƙa ƙoƙon gefe, wani ya karɓa. Ban ma duba ko wane ne ba, ina ta rabon tsaraba.

Wannan ke nan. Na koma Doha na manta.

Wata Lahadi, abokina yana cikin shekararsa ta biyu a can, ina kan rufin wani bene a Al Sadd, hoto ya shigo. Ba nama, ba dankali. Katakon rufi ne baƙi, da jerin ƙugiyoyi, kowace da moɗar ƙarfe a rataye. Ya zagaye ta ƙarshe da jan layi. Saƙon murya ya biyo baya.

"Mutumina, ka gani? Tawa ce. Wani tsoho da na yi jinyar matarsa har ta rasu, shi ya kawo. Wai ta ƙaninsa ce. Mai gidan da kansa ya ɗaura ƙugiya. Yanzu in na shigo ba na ma magana, sai dai ya sauko da ita. Ka tuna ƙoƙonka da kake ba ni labari? Yau na gane abin da kake nufi."

Na zauna a kan bututun ƙarfe, ya ƙona ni, ban tashi ba. Abu ɗaya tak nake da shi da ba shi da shi, shi ma ya je ya samo. Na rubuta masa "Barka" da hoton hannu biyu suna tafi. Sannan na kira ƙanwata, wadda ke aure a ƙauyen, gidanta yana kallon na Mama.

Na ce, "Ki je rumfa ki ɗauko mini hoton ƙoƙona a kan ƙusa. Ki tabbatar zanen ya fito."

Ta ce, "To, Yaya."

Kwana uku shiru. Na sake kira, ta ce wayar ba caji. Na kira, ta ce rumfar da duhu, hoton ba ya fita. Rumfar da ba ta da bango! Ruwa ba ya tsami banza, amma ni a lokacin ban kawo komai a raina ba sai cewa yarinyar nan ta raina ni. Na yi mata faɗa, na tuna mata wa ya saya mata wayar. Sai ta ce, "Shi ke nan, Yaya. Ranar Asabar zan turo maka."

Ta cika alkawari. Asabar da safe ina ɗaure takalmi hoton ya iso. Ga ginshiƙin, ga ƙusar, ba komai a kanta. A gaban ginshiƙin ga mijin ƙanwata zaune a kan kututturen Baba, ya ɗaga ƙoƙo da hannu biyu ya kai baki. Zane uku sun fito sarai, kamar yadda na nema. A bayansa Mama tana tsaye da ludayi tana kallon bakinsa, dattawa ma shi suke kallo.

Bari in faɗi gaskiya a kan mutumin nan. Ban taɓa sonsa ba. Mai facin taya ne a bakin kasuwa, mai surutu kamar rediyo, mai dariya tun kafin ya gama ba da labari. Lokacin da ya zo neman ƙanwata ni na ce a ƙara dubawa. Harshensa kuwa, na taɓa ganinsa ya sha burkutun da ya kwana uku yana cewa zuma. Wannan shi ne ke cewa "Ya kai" a rumfar ubana.

Ranar ban san yadda na yi aiki ba. Na ɗaura wa wani Balarabe fanka a juye, sai da na sake kwancewa. Da yamma na kira mijin ƙanwar tawa. Ya ɗauka da murnarsa, "Yaya! Yaya Doha? Yaya zafi?" Ban amsa gaisuwar ba. Na tambaye shi wa ya ba shi izinin taɓa kayana. Na ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na ce in ƙoƙo yake so zan aiko a saya masa guda goma. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Bai katse ni ba, shi da ba ya iya yin shiru. Da na gama ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ni ba ni na ɗauka ba. Ka yi magana da Mama."

Direban Katsina yana kwance a gadon ƙasa yana ji. Ya ce, "Injiniya, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Khalas, shi ke nan, ka kira tsohuwa mana."

Sai da na kai Jumma'a. Bayan an tashi daga coci, mutane suna ta rububin shiga bas, na koma gefe inda inuwar katanga ta ɗan faɗo, na kira ƙanwata na ce ta kai wa Mama wayar. Na shirya maganata tsaf tun cikin wa'azi. Na gaishe ta, ta tambayi aiki, ta tambayi ko ina cin abinci. Sannan na fara. Na ce abin da aka yi mini bai dace ba. Na ce ina raye a ba wani ƙoƙona, a gaban mutane, kuma ba wanda ya gaya mini. Na ce ni nake wahala a cikin rana saboda gidan nan.

Ta bar ni na kai aya. Ina jin kaji a bayanta, da wani yana faskare.

Ta ce, "Ka ji faskaren nan? Shi ne, mijin ƙanwarka. Gobe kasuwa. Ɗana, shekara uku da ka tafi, kowace Asabar ni nake sauko da ƙoƙon nan in kurɓa da shi in mayar, don kada ya bushe. Ni da ba na sha. Mutane suna tambaya, ina cewa yana zuwa. Ka zo. Na hana dattawa sha tun safe. Na miƙa maka da hannuna, a gabansu, ka ce cikinka."

Na ce, "Mama, tafiya ce da ni, jirgi..."

"Ban ce ka yi laifi ba. Ciki naka ne. Amma kowa ya gani, mai ƙoƙo ya ce ba zai ƙara sha da shi ba. To, ka san rumfar nan. Ƙoƙon da ba a sha da shi, ina ake kai shi?"

Na ga azarar a idona, da na Baba a kife a kai.

"Yaron nan yana kusa da ni ranar, shi ya karɓa don kada hannuna ya daɗe a miƙe. Harshensa ba ya jin komai, na sani. Ni nake ɗaga masa gira in ya kai, sai ya faɗa. Amma yana zuwa. Ko ruwa ake yi yana zuwa." Na ji ta gyara wayar a kunne. "Yanzu kai za ka zaɓa, tunda naka ne. In karɓe daga hannunsa in wanke in kife kusa da na babanka? In ka ce in yi, gobe zan yi."

Bas ɗin Bin Omran yana ta hon, wani ɗan cocinmu yana ɗaga mini hannu yana cewa yalla. Gumi yana shiga mini ido.

Na ce, "A bar masa, Mama. Ya riƙa sha."

Ta ce, "To," irin wadda ta ce ranar da na ƙi karɓar ƙoƙon. Sannan ta tambaye ni ko zafin ya ragu.

Lahadin da ta biyo, ƙarfe huɗu, wayar ta motsa. Abokina ne da moɗarsa cike, kumfa tana gangarowa ta gefe. A ƙasa ya rubuta, "Ina hoton naka ƙoƙon? Ina so in nuna wa mai gidan." Na daɗe ina kallon hoton da ƙanwata ta turo. Sannan na aika masa shi yadda yake, da mai facin taya da komai. Ya tambaya wane ne wannan. Na ce mai riƙe mini ne.

Shekara biyu na ƙara a Doha bayan wannan, kuma hassadar ba ta bar ni ba, sai dai ta samu gida biyu. Lahadi in yi ta wanda ke Ingila, Asabar in yi ta wanda ke ƙauye. Ta Asabar ta fi zafi. Wajen ƙarfe goma na safe, ina kan rufin wani, sai in duba agogo in cire awa biyu, in san yanzu ya zauna a kan kututturen, yanzu ya ɗaga, yanzu yana satar kallon girar Mama. Raina ya ɓaci, in ji kamar in jefar da sufana. Kuma a daidai lokacin nake roƙon Allah ya ba mutumin nan lafiya, kada mura ta kama shi, kada taya ta riƙe shi a kasuwa, kada ya yi fashi ko Asabar ɗaya.